Wai da gaske sobolo na kawo wuta?

Jama'a maganar nan da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp nan Kumasi cewa ana haɗa sola da ruwan sobolo ba ƙarya ba ce fa, gishiri dai aka ƙara mata.

Abin, wato sola mai aiki da rini, ya samo asali tun 1991, masu bincike Michael Grätzel da Brian O'Regan ne suka fito da shi. Akwai wata farar hoda, titaniyom dayokzayid, irin wadda ake sawa a fenti, sai dai tasu ƙwayoyinta ƙanana ne na fitar hankali, kamar nanomita 20, shi kuwa nanomita ɗaya sai ka raba mita gida biliyan sannan ka ɗau ɗaya. A shafa ta jikin gilashi mai ɗaukar lantarki, a gasa, a tsoma a rini, to rinin ne ke cafke hasken rana ya saki lantarki, hodar ta karɓa ta miƙa wa waya. Amfanin ƙanƙantar kuwa, jefa rogo guda a ruwa bayansa kawai zai jiƙe amma gari ko'ina sai ya sha, haka rinin ke samun wurin maƙalewa ninki ɗaruruwa.

Su Grätzel rini mai tsada suka sa, suka juya kusan kashi 7 cikin ɗari na hasken zuwa wuta. Jan da ke cikin sobolo shi ma yana yi, masu bincike sun sha gwadawa, amma yawanci ko kashi 1 ba ya kaiwa kuma rana na koɗar da shi, alhali sola ta silikon da ake sayarwa a Adum tana wajen kashi 20. Don koyar da ɗalibai ya yi, amma kada wani ya ce maka da shi za a kori dumso, wato yawan ɗauke wuta.

Wanda ni nake sa wa ido shi ne ferobskayit, wani sinadarin da ake yin sola da shi, daga wannan dabarar ta rini ya fito. A 2009 a Japan kashi 3.8 ya bayar, yanzu ya wuce 25, wallahi saurin ya ba ni mamaki. Matsalarsa ba ya shiri da laima da zafi, mu kuwa nan Asante su ne abincinmu, ga dalma a cikinsa, ruwanmu da galamse, wato haƙar zinare ta bayan fage, ya riga ya jigata ba ya buƙatar ƙari. Da ni ke raba kuɗin bincike a jami'ar KNUST nan zan zuba, a ga wanda zai jure daminarmu.

Akwai kuma gilashin da ake shafa wa wannan hodar wai yana wanke kansa, tushensa aikin masanan Japan Fujishima da Honda na 1972. Rana na taimaka masa ya narkar da maiƙo da makamantansa, ruwan sama ya ɗauraye. To ƙurar hunturu ƙasa ce ba ta narkewa, kuma a Janairu ina ruwan saman? Mai sola a kan kwano a Aboabo ko Asawase dai ya tanadi bokiti da tsumma.