Kafin ka ce famfo ne ya mutu

Duk lokacin da injin haidirolik, wato mai aiki da matsin mai, ya rage ƙarfi, ko katafila ce ko tifa ko injin matse ƙarfe na masana'anta, maganar farko da zaka ji a bakin mutane ita ce "famfo ya mutu". Direba zai faɗa, mai injin zai faɗa, shi ma makaniken da ya kamata ya ce a dakata a duba tukunna sai ya gyaɗa kai don hakan ya fi masa sauƙi. A kwance famfo a ɗaura sabo, injin ya ɗan yi aiki ya sake kwantawa, ko ma ya ƙi tashi gaba ɗaya, sai kuma a koma cewa ai sabon ne jabu. Ni dai a abin da na gani a wannan sana'a babu wanda ake ɗora wa laifin da ba nasa ba kamar famfo, kuma ko ranar da ya mutu da gaske, yawanci wani abu ne ya kashe shi, abin nan kuwa yana nan zaune yana jiran sabon.

Abin da mutane da yawa ba su riƙe ba shi ne famfo ba ya yin firesha, wato matsin mai. Aikinsa tura mai kawai, lita kaza a minti ɗaya. Firesha tana tasowa ne idan man da aka tura ya tarar da abin da ya tare masa hanya, wato kayan da ake son ɗagawa. Ka cire tiyo ka bar man yana zuba cikin tanki, gejinka na auna firesha bazai nuna komai ba alhali famfon lafiyarsa ƙalau. Tushen abin tsoho ne, tun Blaise Pascal mutumin Faransa da ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina daidai wa daida, sannan Joseph Bramah a Ingila ya yi rajistar injin matsa na ruwa a 1795. Har yau lissafin bai canza ba, firesha sau girman fuskar fistan, wato ƙarfen da mai ke turawa a cikin silinda, shi ne ƙarfi. Silinda mai faɗin santimita 10, fuskar fistan ɗinta wajen murabba'in santimita 78.5 ce, idan ka ba ta bar 200 (bar shi ne ma'aunin firesha) zata tura kusan tan 16. Gudu kuma daga yawan mai yake zuwa. To kaga ashe tambaya biyu ce, injin ya rasa ƙarfi ne ko ya rasa gudu? Direba zai ce maka "ba ya ja" ne kawai, kai ne zaka zauna ka tambaye shi da kyau har ka raba su.

Agogon wayarka ma kayan aiki ne a nan. Wannan silindar da na ambata, idan tsawon tafiyarta mita 1 ne, kusan lita 8 take sha kafin ta fita duka. Famfo mai ba da lita 60 a minti zai cika ta cikin daƙiƙa 8 ko kusa da haka. Idan ka auna ka ga sai ta yi daƙiƙa 16 da kaya a kanta, to rabin man yana bin wata hanya, kuma aikinka shi ne gano hanyar. Yana iya zama cikin famfon ne yake zurarewa, gaskiya ne, amma yana iya zama bawul ɗin rilif ne, wanda ke sakin mai zuwa tanki in firesha ta yi yawa, datti ya maƙale a bakinsa bai rufe ba, ko sil ɗin fistan, roban da ke hana mai wucewa, ya cinye, ko bawul ɗin kwantirol ya sake, ko ma injin da ke juya famfon ne baya kai gudun da ya kamata. Sannan ka lura ko duk sassan injin ne suka yi sanyi ko ɗaya ne kawai. Idan bokitin katafila na aiki garau amma hannu ne ke jan ƙafa, kuma famfo ɗaya ke ciyar da su, me ya haɗa famfo da wannan magana?

Abin da ke taimaka min sosai shi ne zafi, domin man da ya zurare daga firesha mai yawa zuwa tanki ba tare da ya yi aiki ba, duk ƙarfin da aka zuba masa zafi yake komawa. Akwai lissafi mai sauƙi, bar sau lita a minti a raba da 600 ya ba ka kilowat. Lita 60 a bar 200 kilowat 20 kenan. Rabin nan da ya ɓace mana ɗazu kilowat 10 ne na zafi zalla da ake ɗura wa man, shi ya sa injin da ya rasa gudu zaka tarar tankinsa ba ya taɓuwa. Ka samu ma'aunin zafi irin mai haska jan ɗigo daga nesa, ka bi layi kana aunawa, inda ka ga wani bawul ko wani tiyon komawa ya fi maƙwabtansa zafi sosai to nan ne ɓarawon yake. Rilif da ke da zafi alhali ba a kai ƙarshen silinda ba kuma kayan ba su fi ƙarfin injin ba, wannan ya tona kansa.

Tunda na ambaci rilif bari in faɗi abin da ke ci min rai. Wai injin ya yi sanyi sai wani ya ɗauko sufana ya hau ɗaure rilif, babu geji babu komai, yana juyawa yana tambayar direba "ya yanzu?". Haba. Rilif fa iyaka yake sa wa firesha, ba ya ƙara lita ko ɗaya. Idan matsalar gudu ce ko ka ɗaure shi har ƙarshe babu abin da zai ƙaru sai haɗari, ranar da silinda ta kai ƙarshe da ƙarfi sai tiyo ya fashe ko jikin famfon ya tsage. A injinan da famfonsu ke rage mai da kansa idan firesha ta kai kuwa, in aka sassauta rilif ya koma ƙasa da saitin famfon, famfon zai ta zuba mai ta rilif ba hutawa, cikin ɗan lokaci mai ya ɗau zafi kowa na mamaki. Duk noti mai saiti, in ba geji a ɗaure kuma baka san lambar da masu injin suka rubuta ba, ka bar shi yadda ka same shi.

Zafin da ya dace da mai yawanci tsakanin digiri 40 zuwa 60 ne. Da ya haura 80 roban sil sun fara ƙonewa suna taurarewa, man ya tsinke ya daina raba ƙarfe da ƙarfe, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce daga wajen digiri 60 zuwa sama, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar man. Lambar da kake gani a jikin duro, 32 ko 46 ko 68, kaurin man ne a digiri 40, don haka ba kowane mai ake zubawa ba don kawai an rubuta haidirolik a jiki. Lagireton mai da ƙura ta toshe ko fankar da ta daina juyawa, kafin a je ga manyan zato a fara duba su, minti biyar ne.

Sai kunne. Famfon da ke yunwar mai yana da kukansa, wata ƙara ce kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Abin da ke faruwa shi ne ɓangaren tsotso ya matse, mai baya isowa yadda ake buƙata, sai ƙananan kumfa su taso a cikinsa, da sun isa ɓangaren firesha su fashe da ƙarfi suna ɓantarar ƙarfe kaɗan kaɗan. Rariyar cikin tanki ta toshe, ko tiyon tsotso ya lotsa daga ciki alhali daga waje kamar lafiya, ko murfin numfashin tanki ya cushe, ko man ya yi kauri da yawa. Akwai kuma shan iska, inda kilif ya saki ko sil ɗin shaf ya mutu ko mai ya yi ƙasa a tanki, wannan zaka ga kumfa a saman man kuma silinda na tafiya tana tsalle tsalle. Abin haushin shi ne ramin da ke shan iska sau da yawa ba ya ɗigar da mai, don haka ido ba ya kama shi da wuri. Man da ya koma fari fari kuma yawanci ruwa ne ya shiga.

Datti kam shi ne babban makashi, kuma ba wanda kake gani ba. Idon mutum ba ya ganin abin da ya gaza maikuron 40 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), silin gashi wajen 70 ne, amma ratar da ke tsakanin ƙarafan famfo da bawul 'yan maikuron ne ƙalilan, wani wurin bai kai 5 ba. Kenan mai zai iya yin kyau a kwalba tas yana ɗauke da abin da ke goge famfo dare da rana. Shi ya sa aka yi ma'aunin tsaftar mai na ISO 4406 mai lamba uku kamar 18/16/13, yana ƙirga ƙwayoyin da suka kai maikuron 4 da 6 da 14 a mililita ɗaya. Lamba 18 na nufin ƙwaya 1300 zuwa 2500, kuma duk ƙarin lamba ɗaya ninki biyu ne, don haka tsakanin 18 da 21 ninki takwas ake magana ba ɗan bambanci ba. Sabon mai daga duro ma ba lallai ya kai tsaftar da injin ke so ba, ta filta ya kamata a shigar da shi, ba da buɗaɗɗen bokiti da mazurarin da ya kwana a ƙasa ba. Filta kuma idan ta cika akwai ƙaramin bawul a cikinta da ke buɗewa mai ya wuce ba tacewa, injin na aiki normal kai kana ganin kana da filta. In ka cire tsohuwa kada ka jefar, yanka ta ka buɗe takardar a rana, ƙyallin tagulla ko na ƙarfe zai gaya maka abin da ke cinyewa a ciki.

Wani wurin da ake yawan asarar wahala shi ne silindar da ke sauka da kanta. Kowa sai ya ce sil ɗin fistan. Amma ka yi tunani, idan kaya na danna sandar silinda ciki kuma duk ƙofofin mai biyu na silindar a rufe suke ruf, ko babu sil sam sandar bata da inda zata shiga sosai, don man da ke ƙasa ya fi ɗakin da ke sama yawa, sandar ta cinye wani wuri. Abin da zai faru shi ne firesha ta daidaita sama da ƙasa, nauyin ya koma kan fuskar sandar kaɗai. Sanda mai santimita 5 a silinda mai 10 fuskarta rubu'in fuskar fistan ce, kayan da bar 80 ke riƙewa yanzu sai bar 320, daga nan ƙaramin rilif na layin ya buɗe ko bawul ya fara zurarwa, sannan kayan su sauka. Geji a ɓangarorin biyu zai nuna maka wannan kafin ka sauke silinda mai nauyin mutum uku a banza.

Maganar lafiya ba wasa a ciki. Kada ka taɓa shafa tiyo da hannu kana neman yoyo, kwali ake karawa. Mai da ke fita ta ƙaramin rami yana huda fata ko a firesha ƙasa ƙwarai da wadda injin ke aiki da ita, wurin ya yi kamar ɗan tsini ne ya soke ka, amma aikin tiyata ne na gaggawa, jinkiri na sa a rasa yatsa ko hannu. Kafin ka kwance komai a sauke kaya ƙasa ko a tokare, a kashe injin, a motsa liba a sauke firesha. Idan akwai akumuleta, wato tulun da ke ajiye mai a matse, ka sani tana riƙe da ƙarfi ko injin a kashe, kuma nitirojin kaɗai ake cika ta da shi, iskar oksijin da mai in suka haɗu a matse fashewa ce.

Masu zana injin ma suna da nasu kason. Layin tsotso ya zama gajere mai faɗi yadda gudun mai bazai wuce wajen mita 1 a daƙiƙa ba, bututun komawa ya nutse ƙarƙashin mai nesa da bakin tsotso da faranti a tsakani, tankin injin masana'anta a ba shi kamar ninki uku na abin da famfo ke turawa a minti don mai ya huce ya saki iska. Ni abin da nake roƙo kullum shi ne a sa wuraren ɗaura geji, bayan famfo da kowane ɓangare na silinda, ƙananan abubuwa ne amma rashinsu ne ke sa makanike ya koma canki canki.

Idan kuma an auna an tabbatar famfon ne, misali famfo mai fistan da aka ga man da ke fita ta ƙaramin layin jikinsa ya yi yawa fiye da abin da littafinsa ya yarda, to a canza, amma ɗaura sabo a kan tsohon mai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Garin ƙarfen tsohon yana cikin tanki da tiyo da lagireto da silinda. A zubar da man, a buɗe tanki a goge da abin da ba ya barin zare, a wanke layuka, a sa sababbin filta, a gyara abin da ya kashe na farkon. Sannan a cika jikin sabon famfon da mai mai tsafta ta ƙofar sama kafin a tayar, a tabbatar yana juyawa ta ɓangaren da kibiya ta nuna, a bar shi ya yi ta zagaya mai ba kaya har iska ta fita, bayan ɗan aiki kaɗan a sake cire filta a duba.