Safar Baba da inhelata

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da wuri, har yana takawa da sanda, amma hannun ya ƙi. Yatsun a dunƙule suke kamar mai ɓoye wani abu, in ka buɗe su ka saki sai su koma. Ƙanena ne ya ga tallar safar nan mai famfo, wadda iska ke shiga ta miƙe yatsu ta kuma lanƙwasa su, ya aiko da ita. Ranar farko Baba ya daɗe yana kallon hannunsa na buɗewa da rufewa, can ya ce, "To yanzu ni ke yi ko ita?"

Ban da amsa, shi ya sa na duƙufa karatu da daddare. Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba da farko. A 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, mai suna RATULS, a kan mutum 770 masu shanyewar ɓarin jiki. An raba su uku: wasu suna atisaye da MIT-Manus, wata na'ura mai taimaka wa hannu motsi, wasu suna ƙarin atisaye da masu gashin ƙashi, wasu kuma kulawar da aka saba. Bayan wata uku, na'urar ba ta fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da aikin hannu. Tun a 2010 ma an gwada ta a kan tsofaffin sojojin Amurka 127, ba ta kuma wuce atisayen da mutum ya sa mutum ba, muddin yawansu ɗaya ne.

Yawan nan shi ne maganar. Wata mai bincike, Catherine Lang, da abokan aikinta sun zauna sun ƙirga a 2009, suka ga a zama guda na gashi marar lafiya kan motsa hannun wajen sau 32 kacal, alhali dabbobin da ƙwaƙwalwarsu ta sake koyon motsi a ɗakin bincike ɗaruruwa suke yi a rana. Amfanin na'ura dai ba ta gajiya, ba ta da wani marar lafiya da ke jiranta a layi. Sai dai in ita ce ke yin aikin duka, mai hannun yana can yana sauraron rediyo, yatsu za su yi laushi amma ƙwaƙwalwa ba ta karu da wani abin kirki ba. Haka mai yi wa Baba gashi ta faɗa mana tun kafin in karanta komai: "Baba, ku fara yunƙurawa tukuna, sannan a danna." Yanzu haka muke yi. Ya yi ta nishi yana harara ta, ni kuma ina ƙirgawa.

Da yake na riga na shiga, sai na leƙa nawa ciwon. Asma gare ni tun ina yarinya, kuma duk bayan 'yan watanni sai wani ya turo mini labarin cewa an kusa kawar da ita ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado. In ka buɗe labarin, a kan ɓeraye aka gwada. Har yau babu irin wannan magani da aka amince a ba mai asma. Sikila ta samu nata, Casgevy, a ƙarshen 2023, domin ita matsalarta a ƙwayar gado guda take. Asma kuwa taron dangi ce: a 2007 an gano alaƙarta da wani yanki na kuromosom na 17, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, bayansa aka yi ta gano wasu da dama, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa, ga ƙura da hayaƙi da mura suna zuba nasu. Wanne za a gyara? Huhun ma ba ya karɓar baƙo, majina da garkuwar jiki kan kore abin da aka aika masa. Abin da ya iso hannun likitoci allurai ne irin su omalizumab a 2003 da tezepelumab a 2021, na masu asma mai tsanani, kuma ba sa taɓa gadon kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, akasarinsu a ƙasashen da inhela ma wuyar samu take. Ni ga tawa ta rigakafi a kan tebur, wadda aka ce safe da dare, amma sai ƙirji ya fara kuka nake tunawa da ita.

Shekaranjiya muna kan ƙirga na hamsin da wani abu, ɗan yatsan Baba na nuni ya ɗaga da kansa, kaɗan, kafin in kai ga dannawa. Na yi ihu har tari ya sarƙe ni. Ya bari na lafa, sannan ya ce, "Ke da kike takura mini, yau kin shaƙi taki?"

Ban shaƙa ba. Ya ce ba zai ƙara ko ɗaya ba sai na ɗauko.