Hamsin ɗin Maraɗi ba hamsin ɗinmu ba ce

Fura ce ta fara kunyata ni a Maraɗi. Na sauka daga mota wajen la'asar, a ƙarshen daminar 2024, maƙogwarona ya bushe, na hango wata dattijuwa da ƙwaryarta a bakin tasha. Ta dama mini, na shanye, na ce nawa ne. Ta ce hamsin. Na laluba cikin silallan da ɗan canji ya ba ni a Jibiya, na zaro wanda aka rubuta 50 a jikinsa na miƙa mata. Ta juya shi a tafin hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, wagga ai goma ce. Daga Najeriya kake?"

"E, Inna, daga Zariya."

"To ƙaro arba'in. Kuma ka koyi lissahi tun ba a cuce ka ba."

A nan da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Duk abin da aka faɗa maka da Hausa, ka ninka shi sau biyar. Ashirin ita ce 100, hamsin 250, ɗari 500. In ta kai 1000 sai a ce jika. Wanda ya faɗa maka farashi da Faransanci kuma ainihin lambar da ke jikin kuɗin yake nufi, don haka bakinka ɗaya amma lissafinka biyu. Na yi kusan wata ina tsayawa gaban mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, ina motsa leɓe kamar mai lazimi kafin in biya.

Digiri na biyu ya kawo ni. Na yi na farko a fannin noma a Samaru, kuma tun a can nake jin labarin abin da manoman jihar Maraɗi ke kira sassaben zamani: in ka zo share gona, kada ka tumɓuke kututturen sabara da kalgo da gawo, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su su tashi. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa dabarar a nan a 1983, kuma an ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa a kan kadada kusan miliyan 5 a Nijar. Na ga ba dalilin in zauna ina karanta labarin a takarda alhali gonakin na bayan Katsina kaɗan. Sai na nemi gurbi a tsangayar noma da muhalli ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo.

Da na ce zan tafi karatu ƙasar waje, abokaina suka tambaya Ingila ko Malesiya. Na ce Maraɗi. Har yau ba su daina yi mini dariya ba. Ni ma a raina haka na ɗauka, cewa unguwa kawai zan sake. Ai garin ma Katsinawa ne suka kafa sarautarsa, waɗanda jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a 1807, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinar Maraɗi ake ce wa sarkin. Ka shiga kasuwa, atamfa da omo da taliya duk irin namu ne, wani ɗan tireda ma zai karɓi naira. Wannan kamar ce ta sa na saki jiki, na zo da shirin wanda zai je gidan kawunsa, kuma na biya kuɗin sakacina a makonni uku na farko.

Takarda ce ta fara nuna mini ni baƙo ne. Na zo da kwafen shaidar digirina da takardar haihuwa, fes da su, cikin leda. Ashe a tsarin nan kwafi ba ya zama takarda sai an kai shi meri, ofishin magajin gari, an manna masa tambur, an buga hatimi, an sa hannu. Kuma abin da ke rubuce da Ingilishi sai an mayar da shi Faransanci a wurin mai fassara da hukuma ta sani. Asalin takardar sakamakona kuwa na baro ta a akwatin mahaifiyata don kada ta ɓata. Sai da na koma Zariya na ɗauko. Wanda zai zo, ya zo da asalin komai, da hotunan fasfo fiye da yadda yake zaton zai buƙata, da katin rigakafin shawara. Ya kuma yi fasfo na sosai. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka labarin yayanka da ya riƙa shigowa da ɗan katin shaida shekaru goma da suka wuce ba zai fisshe ka a shingen iyaka na Ɗan Isa ba. Kada kuma ka bar aikin ofis sai Juma'a, don kafin Masallaci an watse.

Ɗaki bai ba ni wahala ba, kuma a nan Hausa ta yi mini rana. Wani ɗan ajinmu ya kai ni wurin wani Alhaji a unguwar Zariya. E, akwai unguwa mai wannan suna, kuma da na ce daga Zariya nake sai Alhajin ya ce to ai ka zo gida. Yana da jerin ɗakuna irin waɗanda ake kira selibatariyom, na gwagware da ɗalibai, ƙofa na kallon ƙofa, famfo ɗaya a tsakar gida. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne haya wata-wata ake biya, ba shekara guda dunƙule kamar yadda aka saba mana ba. Ɗalibai sun fi yawa a Zariya da Ali Ɗan Tsoho, sababbin unguwannin kan tudu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo sun fi cunkoso da hayaniya, amma can ne tuwo ya fi araha. Garin gaba ɗaya ma hawowa tudu ya yi bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohon Maraɗi a bakin gulbi.

Kafin ka ba da kuɗin ɗaki, ka tambaya mitar kuran ta waye. Kuran ita ce wutar lantarki. In mita ɗaya ce ta gidan duka, ka san yadda ake raba takardar NIGELEC, kamfanin wutar ƙasar, tun ranar farko, don na ga zumunci ya lalace a kan rishon wani. Ka duba rufin kuma. Ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wurin rubuta komai ba ne. Ni a tsakar gida nake kwana a wannan tsakanin, cikin gidan sauro, kamar kowa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajar kwamfutata mai ƙafa uku ta ƙi shiga, sai da na sayi mahaɗi. Layin waya kuwa ka sayi na nan, Airtel ko Moov ko Zamani, lamba takwas ce, ka daina ƙona kuɗi da layin gida.

Kuɗin da ake turo maka shi ne ciwon kan da ba ya warkewa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 kowa ya san halin da ta shiga. Mahaifina na turo abu ɗaya kowane wata, amma abin da ke isowa hannuna ba ya zama ɗaya. Dabarar da na koya ita ce ranar da kuɗi ya shigo in canza na haya da na abinci gaba ɗaya, in riƙe ɗan canji ɗaya da na yarda da shi, in daina yawon neman ƙarin dala biyu. In za a aika kuɗi cikin ƙasar, Nita da Amana ake bi, ko'ina akwai rumfarsu.

Sai aji. A nan ne Hausa ke tsayawa a bakin ƙofa ta jira ka. A Maris 2025 sabon kundin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muka yi ta murna a fada, wato majalisar shan shayi ta samari, amma washegari da Faransanci aka yi darasi, da shi aka yi jarrabawa, da shi kuma zan rubuta memwar, kundin bincikena. Na yi kwas na wata shida kafin in zo, na ɗauka na iya. Ranar farko malamin ilimin ƙasa ya yi awa biyu yana magana, abin da na kama bai cika shafi ɗaya na kaye, littafin rubutuna, ba. Da aka fito sai ga shi a gindin bedi yana waya da Hausa tsantsa, har da "mi kac ce?" Na ji kamar in riƙe rigarsa in ce Mushe (haka ake kiran malami a nan), don Allah maimaita mini da wannan.

Abin da ya cece ni ciniki ne. Yawancin maƙalun kimiyya da ake ba mu da Ingilishi suke, 'yan ajinmu kuwa nan ne tasu ta ƙare. Wani Bazabarme daga Doso ya zo ya same ni da wata maƙala mai shafi 20 a kan gawo, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Muka shirya: ni in warware masa Ingilishi, shi ya bi rubutuna da jan biro. Da Hausa muke yin cinikin duka, tasa Hausar a karkace, yana mayar da mace namiji, wani Bagobiri da ke zama da mu yana tsokanarsa da wasan taubasai har shayi na uku ya ƙare. A wannan fadar, a kan tabarma da ɗan mangal, na koyi Faransancin da ya fi na kwas ɗina amfani. In ka zo, ka nemi fada tun makon farko. Kada ka maƙale cikin 'yan Najeriya kaɗai. Suna da yawa a garin, musamman saboda jami'ar Maryam Abacha da ke koyarwa da Ingilishi, kuma zama da su akwai daɗi, amma za ka shekara biyu ba ka iya rubuta wa ankadara ɗinka, malamin da ke duba aikinka, saƙo mai layi uku ba.

Maki a kan 20 ake ba shi. Jarrabawar farko na samu 12, na koma ɗaki na kwanta, ina tunanin abin da zan gaya wa Baba. Sai ga su sun shigo suna cewa in sayi sukari da ganyen shayi. Ashe 10 ce tsallakewa, 12 yabo ce, 14 ka yi fice, 16 kuwa sai a riƙa nuna ka da baki. Karatun shekara biyu ne, Masta 1 da Masta 2, a rufe da sutunans, ranar da za ka tsaya gaban malamai ka kare aikinka, 'yan uwa da abokai cike da ɗaki. Wani ƙaramin abu da ya ci mini dare biyu: su waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. Biyu da rabi 2,5 ne. Na haɗa awon itatuwana da na abokin aikina a Excel, lissafi ya rikice, na yi ta zargin kwamfuta. Allon rubutun kwamfutocinsu ma daban yake, inda ka saba samun Q sai ka tarar da A.

Da aka fita daji kuma sai kaya suka juye. An tura mu wani ƙauye a yankin Agiye, mu huɗu, da takardun tambayoyi da Faransanci. Biyu daga cikinmu sai da tafinta. Ni kuwa na zauna a kan turmi kusa da wani tsoho, na ce Baba yaushe kuka fara barin itace a gona. Ya ce bayan El-Buhari. Na yi shiru. Ya gane ban fahimta ba, ya ce yunwar 1984 ke nan, lokacin da shugabanku ya rufe iyaka hatsi ya daina shigowa, sai muka sa mata sunansa. Ba da faɗa ya faɗa ba, har yana miƙo mini gyaɗa. Daga nan ya tashi ya ja ni cikin gonar, ya nuna mini gawon da ya ce tsaransa ne da babban ɗansa, ya tona ƙasar gindinsa da yatsa ya ce in shinshina. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ga taki ya bari a ƙasa. Na san wannan tun a Samaru, har na rubuta shi a jarrabawa, amma ban taɓa riƙe ƙasar a hannuna ba. Rabin babi na uku na memwar ɗina daga bakin wannan tsoho ya fito, kuma sai da na sha wuya kafin in samo wa wasu kalmominsa Faransanci a ɗakin karatu na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna.

Maganar hanya ba ta wasa ba ce. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar ba ta da nisa, amma yankin na fama da 'yan bindiga ta ɓangarorin biyu. Ina fita da hantsi, ba na yarda magariba ta same ni a kan wannan titi, kuma in zan shiga ƙauyukan Madarunfa sai na tambayi mutanen wurin tukuna. Iyakar ma tana iya rufuwa ba shiri. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har cikin Maris 2024. Saboda haka nake ajiye kuɗin wata guda da ba na taɓawa, da maganin zazzaɓi, don Satumba sauron Maraɗi ba ya tambayar fasfo. In ciwo ya kama ka aka ce a kai ka likita, asibitin ake nufi, ba mutumin ba.

Da hutun Sallah na je gida, na tsaya sayen ƙosai a Tudun Wada. Yarinyar ta ce ɗari biyu. Na tsaya ina motsa leɓe, na miƙa mata naira dubu na juya zan tafi. Ita ta kira ni ta ba ni canjina.