Saƙon godiya: an sallamo Abban yara

Alhamdulillahi, mun dawo gida. Abban yara yana kishingiɗe a falo, an tokare shi da matasai saboda haƙarƙarinsa, yana ta mitar an hana shi gishiri. Ban taɓa jin daɗin mitar ɗan Adam irin ta yau ba.

Ba sai na maimaita labarin ba, kun bi shi a nan tun Asabar ɗin da zuciyar Abban yara ta tsaya, ya faɗi a wajen gudun parkrun. Saƙonninku suna nan jibge, ko rabi ban amsa ba. Ku yi min uzuri, da na zauna barci ke kwashe ni.

Mace ɗaya nake son in tsaya a kanta. Ga na gida da ba su san parkrun ba: gudu ne na kilomita 5 da ake yi duk Asabar ƙarfe 9 na safe, kyauta, mu a nan Blackpool cikin Stanley Park ake yin sa. Masu kula da shi duk 'yan sa-kai ne, ko sisi ba a biyan su. A cikinsu akwai wanda aikinsa kawai ya biyo bayan kowa a ƙafa, don kada wani ya zo na ƙarshe, kada kuma a bar wani a hanya. Abban yara, da likita ya tilasta wa motsa jiki saboda hawan jini, kullum can baya yake. Ranar wata dattijuwa ce ke rufe baya, mai jikoki, wadda ta yi ritaya daga aikin girki a makarantar firamare. A kan idonta ya faɗi. Ta durƙusa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta hau danna masa ƙirji, tana ihun a kira lambar agajin gaggawa ta 999, a rugo da na'urar farfaɗo da zuciya. Ba ta ɗaga hannu ba sai da na'urar ta iso.

Daga baya wata nas ta yi min bayani: a Birtaniya, cikin mutum 10 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, ko ɗaya ba ya cika tsira, kuma duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa raguwa take yi. Ga kuma tsarin Allah, asibitin Victoria, mai cibiyar zuciya da ake kawo wa marasa lafiya daga faɗin Lancashire, yana maƙwabtaka da wurin.

Yana kwance bai farfaɗo ba tukuna aka ce wata na nemana a bakin ƙofa. Ita ce, riƙe da kati, hannunta na rawa. Wai ta ji ƙashi ya karye a ƙarƙashin tafinta lokacin da take dannawa, tun ranar ba ta runtsa ba, ta zo in yafe mata. Yafiya! Ni da na daure ban yi kuka a gaban yara ba, a nan na zube. Na ce Mama, karya duka ma kika yi ai mun gode. Ta ce in daina ce mata Mama, in kira sunanta kawai. Bakina ya ƙi, har yau ya ƙi. Ta roƙe ni kada in sa sunanta a nan, to na bi, amma Allah ya san shi. Allah ya saka mata da mafificin alheri, ya ƙara mata lafiya, ya raya jikokinta, ya haɗa ta da mai jin ƙanta ranar da ita ma take buƙata.

Na san an ce kada a ware wasu a wajen godiya, amma ba zan iya shiru ba. Kocin ƙungiyar ƙwallon babban ɗanmu, da iyayen sauran yaran, sun tsara a tsakaninsu wanda zai ɗauke shi atisaye da wanda zai dawo da shi, ba tare da na buɗe baki ba. Ranar da ya fi shiga damuwa suka ɗaura masa gyalen nan mai ruwan lemo na ƙungiyar ƙwallon Blackpool suka kai shi filinta na Bloomfield Road kallon wasa, ya dawo murya a dishe, ya ci abinci. Sun ce tsarin zai ci gaba, tunda doka ta hana Abbansu tuƙi wata 6 bayan na'urar da aka dasa masa a ƙirji. Liman da jama'ar masallaci, ba Juma'ar da ba ku sa shi a addu'a ba. Abokiyar aikina 'yar Gana da ta karɓe min aikin dare. Hajiyarmu ta Preston da ta riƙa aiko tuwo da miyar kuka. Ma'aikatan jinya, 'yan Indiya da Filifin da 'yan uwanmu na Najeriya, musamman wadda ta samo min kusurwar yin sallah. Allah ya biya ku, ya tsare ku da iyalanku, ya sa kada ku ga irin wannan rana, in kuma ta zo ya kawo muku ɗauki tun kafin ku nema.

Inna da 'yan uwa na Kano da Zinder, kun sauke Alƙur'ani, kun yi sadaka, kun hana kanku barci kuna jiran waya. Mun ga amfaninsa. Na Manchester kuma, mun ga saƙonni, mun gode. Na san kowa da aikinsa, nan ƙasar ba ta barin mutum ya huta. Sai dai jirgin ƙasa awa ɗaya da 'yan mintoci ne, kuma zumunta a ƙafa take. Shi ke nan, na bar maganar.

Ya Allah ka cika masa lafiya, ka sa ya zama kaffara, ka ba duk marasa lafiya sauƙi, na asibiti da na gida. Amin.

Masu tambayar zuwa dubiya, a bari sai mako mai zuwa, bayan la'asar. Mai mura ko tari don Allah ya yi haƙuri ya kira a waya, ko dariya ma ciwo take sa masa yanzu balle atishawa.