Mama ta tambaye ni ko aikinta ya isa

Mamanmu tana da wani tsohon littafi irin na 'yan firamare, a ciki take rubuta duk wadda ta kawo mata biki. Wance turmin atamfa, wance mudu biyar na shinkafa, in nasu ya tashi sai ta duba ta rama har ta ɗora wani abu a kai. Haka muka taso, kyauta a wajenmu bashi ce da ba a faɗa da baki.

Makon jiya hawan jini ya kwantar da ita, da 'yan zumuntar mata suka gama addu'a suka tafi sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, kai da kake karatun Littafi, kana ganin abin da na yi ya isa?" Matar da ta fi shekara 30 tana sharar coci duk Asabar, ba ta fashin zakka ko a shekarar da gona ta ƙi, ita ce take tsoron ko bata biya Allah ba. Gaskiya abin ya taɓa ni sosai.

Na buɗe mata Afisawa 2, aya 8 da 9, inda Bulus yake cewa ta wurin alheri aka cece mu, baiwar Allah ce, ba ladan aiki ba. Ta yi shiru sannan ta ce, "To Yakubu fa? Ba shi ya ce bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce ba?" Ai ba ita ta fara wannan tambayar ba, Martin Luther kansa, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa saboda haka. Amma ni ban ga faɗa tsakanin Bulus da Yakubu ba, dukansu biyu ma aya ɗaya suka ɗauko, Farawa 15:6, inda aka ce Ibrahim ya ba da gaskiya ga Allah, aka lasafta masa adalci. Bulus yana magana da masu ganin kaciya da kiyaye Shari'ar Musa za su saya musu ceto, shi kuwa Yakubu da wanda zai ga ɗan'uwa ba riga ba abinci ya ce masa ka sauka lafiya, bai ba shi ko loma ɗaya ba.

Matsalarmu muna yanko aya ɗaya mu gudu da ita, alhali Afisawa wasiƙa ce da aka rubuta a karanta ta gaba ɗaya, lambobin ayoyin Sabon Alkawari ma sai a 1551 aka sa su. Wanda ya tsaya a aya 9 bai kai ta 10 ba, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.

Sai na ce, "Mama, in an aiko yaro da kyauta kika ba shi tukwici, kuɗin kayan kika biya?" Ta ce a'a mana, murna ce. Na ce to sharar cocin nan taki haka take, farashin kuwa an biya shi a kan gicciye tun ba a haife ki ba.

Ta daɗe tana kallon silin. Can ta gyara matashi ta ce, "Sake karanta mini ta takwas ɗin, a hankali."