Bayani ɗaya, mazauni ɗaya

Ƙannena masu koyon gina shafukan intanet, bari in ba ku labarin kuskuren da ya ci mini makonni.

Ina haɗa shafin sayayya ne da React, wato kayan aikin da ake gina shafi da shi ɓangare-ɓangare. A sama akwai ɗan ɓangare mai nuna adadin kayan da ke cikin kwando, a ƙasa kuma ga jerin kayan. Kowanne na ba shi nasa useState, wato ma'ajin da ɓangare ke riƙe bayaninsa a ciki, kowanne yana riƙe da nasa lissafin. Mai saye ya cire abu ɗaya, jeri ya koma biyu, na sama kuwa yana nan daram a kan uku. Maimakon in nemi tushen matsalar, sai na sa useEffect, mai gudanar da wani aiki idan bayani ya canza, ya riƙa daidaita su. In na toshe nan, can ta ɓalle.

Ashe maganin a kusa yake. A ɗauke bayanin a kai shi ga uwar da ta haɗa ɓangarorin biyu, wato babban ɓangaren da suke cikinsa mafi kusa da su, ita ta riƙa miƙa musu. Shi kuwa adadin, bai ma cancanci ajiya ba: a ƙirga jerin, shi ke nan. Duk abin da za a iya lissafowa daga wani bayani, in kun ba shi ma'aji nasa, wata rana sai sun saɓa.

Daga nan sai na zarce gona da iri. Na gano Redux, wani babban ma'aji guda na bayanan shafi, wanda Dan Abramov da Andrew Clark suka fitar a 2015, na kwashe komai na zuba a ciki, har da ko wani ɗan menu a buɗe yake ko a rufe. Ƙaramin gyara sai na taɓa fayil uku. Da na koma Context, hanyar React ta raba bayani ga ɓangarori da yawa, nan ma ban tsira ba, domin na cusa sunan mai amfani da rubutun akwatin bincike wuri guda. Shi Context, da zarar abin da ke cikinsa ya canza, duk ɓangaren da ke karantawa daga gare shi sai an sake zana shi. Kowane harafi aka buga, rabin shafin ya motsa, a ƙaramar waya har sai ka ga rubutu yana jan ƙafa.

Yanzu kafin in ajiye komai nakan tambayi kaina: su wa ke buƙatarsa? In ɓangare ɗaya ne, ya zauna a can. Context na bar wa abin da ba ya yawan canzawa, kamar harshen shafi da wanda ya shiga. Rubutun akwatin binciken kuwa na mayar da shi cikin akwatinsa.