Abin da sikeli ya koya min a kan irin masara

Aikina a Legas karɓar masara ne a wani sito da ke Agege, motoci su taso daga Arewa mu sauke mu auna mu tura wa masu haɗa abincin kaji. Wannan aikin shi ya sa yanzu in wani ya ce min iri kaza ya fi iri kaza ba na saurin yarda sai na ji yadda aka gwada su.

Buhu dai ba awo ba ne. Za ka ga buhu biyu sun cika tam, ɗinki ɗaya, ka ɗora a sikeli ka ga tazara. Masarar da aka cashe ba ta gama bushewa ba tana da nauyi ranar lodi amma ruwa ne, masu kamfani kuwa suna da na'urar gwada danshi, in ya haura kashi 13 ko 14 cikin ɗari sai su zabtare kuɗi ko su ce a kwashe, ga Legas da laima, kwana kaɗan a sito ka zura hannu cikin buhun ka ji ɗumi, ƙwayar ta fara fumfuna. To in manomi ya ce min ya samu buhu kaza, abin da nake tambaya shi ne a bushe ko da ɗanyenta, kuma a fili mai girman nawa.

Gonarmu ta gida a Katsina take, gonar tudu ce, ba rijiya ba ban-ruwa, abin da sama ta bayar shi kenan. Ƙanena ya kira ni wai "Yaya a turo kuɗin iri mai aure, irin na maƙwabcinmu, ka ga goyon da ta yi kuwa?" Iri mai aure shi ne wanda masana suka haɗa masara iri biyu suka fitar. Na ce masa ai gonar maƙwabcin nan shanu ke kwana a ciki duk rani, wannan goyon ba na iri kaɗai ba ne. Sai muka raba tamu, kunyoyi kaɗan iri mai aure kunyoyi kaɗan mai saurin nuna a sake maimaitawa har ƙarshen gona, don kada ɗaya ya faɗa gangare inda ruwa ke kwanciya ɗaya ya faɗa kan rairayi. Shuka rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. In ba haka aka yi ba wallahi gona aka gwada ba iri ba.

Inda na fi ƙaruwa shi ne maganar kwanaki. Akwai masarar da ke nuna a kwana 80 zuwa 85, akwai ta 90 zuwa 95, akwai mai kai 110 zuwa 120. Mai dogon zango ta fi bayarwa in ruwa ya kai mata, shi ya sa take yi wa mutanen Saminaka kyau, amma mu da damina ke ɗaukewa da wuri ba haka ba ne. Lokacin da masara ta fi tsoron fari shi ne in ta fara fitar da gemu tana shirin goyo, ruwa ya tsaya a nan to sai ka ɓare ka ga totuwa da ƙwaya jefi-jefi. Mai saurin nuna takan wuce wannan gaɓar kafin ruwa ya janye. Shekarar da ruwa ya wadata mai aure ce ta yi gaba a gonarmu, shekarar da ya yanke da wuri mai saurin nuna ce ta cika mana rumbu, shi ya sa gwajin damina ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, ni dai na fi son wadda ba ta kunyata mutum a mummunar shekara.

Kuma irin nan ba daga waje suke zuwa ba fa. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru a Zariya ita ke fitar da masu suna SAMMAZ, suna aiki tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA ta Ibadan. SAMMAZ 15 an san ta da jure wuta-wuta, SAMMAZ 27 mai saurin nuna ce tana jure fari da wuta-wutar duka, waɗannan marasa aure ne za ka iya ajiye iri ka sake shukawa damina biyu ko uku. Mai aure irin su Oba Super 2 kuwa dole duk shekara ka sayi sabo kuma tana son taki sosai, ga tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo ƙasar a 2016 sai da feshi, duk sai a cire kuɗinsu kafin a ce an ci riba.

Sai launi, wannan a nan Legas na gane shi. Masu kaji ja suke nema saboda kwaiduwa ta yi kala, gida kuma fara ake so don tuwo. Bana na ce wa ƙanena ya sa fara mai saurin nuna a yawancin gonar saboda cin gida, ja mai aure kuma a ɓangaren da muka zuba takin gargajiya, in an yi girbi kowacce a shanya ta daban a auna ta daban ya turo min lissafin a WhatsApp.